Kyauta daga Yamai, bashi a Madarumfa: tarihin dokokin kiwon lafiya da nauyin da suka bar wa ƙananan hukumomi

A 2006 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar cewa duk yaron da bai kai shekara 5 ba za a duba shi a likita, a ba shi magani, uwarsa ba za ta biya ko dala ba. Mai ciki ma awonta ya zama kyauta, hakanan maganin tazarar haihuwa. Fiɗar haihuwa kuwa tun watan Nuwamba na 2005 aka ɗauke kuɗinta. Ba mai hankalin da zai ce wannan mataki ba alheri ba ne. Sai dai a Hausa in an ce kyauta, to akwai mai bayarwa, kuma daga aljihunsa abin ya fito. Maganin da aka ba yaro sayo shi aka yi, man motar da ta kai mai naƙuda Maraɗi sayen shi aka yi. To aljihun wa? Tambayar da za mu bi ke nan, tun daga samun mulkin kai har zuwa 2024, mu ga yadda kowace doka da aka sa wa hannu a Yamai take sauka a ƙasa, da kuma wanda take sauka a kansa.

Madarumfa wuri ne mai kyau na duba wanga al'amari. Garin yana kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, a bakin tafkin nan da kowa ya sani. Gundumar tana da ƙananan hukumomi 6, waɗanda muke ce wa komin: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura 400,000. Ƙasa ce ta noma mai cunkoson jama'a, tana iyaka da jihar Katsina, ga gulbi ga tafki, don haka ga sauro. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi kuwa ta ɗara haka. Wato duk dokar da ta shafi yara ƙanana da masu ciki, a nan ta shafi kusan kowane gida.

Kyautar farko

Bayan 1960 magani a likitar gwamnati kyauta ne a bisa ƙa'ida. Matsalar ita ce likitocin ba su da yawa, kuma galibi a manyan garuruwa suke. Don cike giɓin, cikin shekarun 1960 aka fara horar da mutanen ƙauye, a nan jihar Maraɗi ma aka yi gwajin farko-farko: namiji guda da ake ba ɗan akwatin magani, da ungozoma da ake koya wa tsabtar karɓar haihuwa. Ba albashi gare su ba, gari ne ke zaɓensu kuma gari ake sa ran zai kula da su. Kun ga tun daga nan aka fara ɗabi'ar miƙa wa talakawa aikin da gwamnati ba ta da ƙarfin yi.

A shekarun 1970 kuɗin uraniyom ya shigo, aka yi gine-gine, aka ɗauki ma'aikata. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Amma a farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, ga farin 1984, ga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Likita ta ci gaba da zama kyauta a takarda, amma kantar magani wayam. Mutum ya yi tafiyar rabin yini, manjo ya duba shi, ya rubuta masa takardar sayen magani, ya ce a je Maraɗi. Mai hali ya je, marar hali ya koma ga sassaƙe ko ga mai tallar ƙwayoyi a kasuwa.

Daga Bamako zuwa dokar 1995

A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF. Shawarar da suka tsayar ita ce: marar lafiya ya biya ɗan wani abu, kuɗin ya tsaya a likitar da aka biya, a riƙa sayo magani mai rahusa da shi, jama'ar wurin kuma su sa ido a kan asusun.

Nijar ba ta faɗa ciki kai tsaye ba, sai da ta yi gwaji. Daga 1993 aka ɗauki gundumomi 3. A Say, babba yana biyan dala 40, wato sefa 200, duk sanda ya zo da ciwo, yaro kuma dala 20. A Boboye aka bi wata hanya dabam: an ƙara dala 40 a kan harajin shekara na kowane mai biyan haraji, sa'annan wanda ya zo likita ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. Illela aka bar ta yadda take don a kwatanta. Sakamakon ya nuna a Boboye ne zuwa likita ya fi ƙaruwa, har da na mata da yara da marasa hali. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haraji bayan kaka ake biyan shi, sanda akwai hatsi a rumbu, kuma mai lafiya da marar lafiya duka sun sa hannu. Ciwo kuwa ba ya jiran kaka. A tsakiyar damina ya fi kamawa, sanda rumbu ya yi ƙasa.

Abin lura a gwajin Boboye shi ne ya ɗaura kuɗin lafiya da harajin ƙaramar hukuma. Da wannan hanya ce ta bazu, da wataƙila tarihin komin da likita ya zama dabam. Amma tara haraji aiki ne mai wuya, kuma babu tabbacin kuɗin da ya shiga baitulmali zai fito ya koma likita. Ana cikin haka, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada. A watan Yuli na 1995, zamanin shugaba Mahaman Usman, aka kafa dokar da ta halatta karɓar kuɗin magani a ƙananan likitoci, kuma a aikace biyan kai tsaye ne ya game ƙasa.

Dokar ta zo da sababbin mutane a cikin likita. Kowace cibiyar lafiya, wadda ake kira CSI, ta samu kwamitin jama'a mai kula da kuɗi, COGES, da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Daga wannan asusu ake sayo magani, a biya mai karɓar kuɗin, a biya mai gadi, a sayi sabulu da rasit. Gaskiya magani ya dawo kanta. Amma wadda ba ta da kuɗin shiga sai ta yi ta jinkiri da yaro a gida, sai jiki ya yi tsanani a taho da shi, wani lokaci an makara.

Gini ya zo, komin ta zo

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. Nijar ba ta kai wannan mizani ba. Amma a wannan shekara shugaba Tanja Mamadu ya fara shirinsa na musamman da kuɗin yafe bashi, wanda a ƙarƙashinsa aka gina ƙananan ɗakunan magani na ƙauye, kaz, kusan 2,000 cikin ƴan shekaru. Aka zuba masu ma'aikatan da suka yi horo na ƴan watanni. Likita ta matso kusa da mutane, wannan ba a musun shi.

A daidai wannan lokaci ake sake fasalin mulki. Dokar watan Yuni na 2002 ta kafa komin a duk faɗin ƙasa, a ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli a komin 265. Karo na farko ke nan da mutumin Gabi ko na Safo ya samu magajin garin da shi ya zaɓa, wanda ya san gidansa, wanda zai iya tarewa a hanyar masallaci. To amma da mi komin za ta yi aiki? Kuɗin shigarta harajin kai ne da masu gari ke tarawa, sai kuɗin kasuwa, na rumfuna da na dabbobi, sai na tasha. Kayan da ke ratsawa ta iyakar Ɗan Isa dare da rana, kuɗin kwastan ɗinsu na gwamnatin tsakiya ne, komin sai dai ta ga ƙurar motoci. Ƙaramar hukuma ta zo duniya ta tarar da gine-ginen likita da ba ita ta gina ba, da ma'aikatan da ba ita ke biyansu ba, da jama'ar da ke ganin duk abin da ya lalace ita za a tambaya.

Yunwar 2005 da dokar kyauta

Fari da fara sun ɓata daminar 2004, a 2005 farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba. Abin da ya ba baƙi mamaki shi ne tamowa ta fi yin ɓarna a kudancin Maraɗi, inda ake ɗauka nan ne rumbun ƙasa. Mu dai mun san dalili: gona ta yi kaɗan ga yawan mutane, talaka ya sayar da hatsinsa da kaka da arha, ya dawo yana saye da tsada da bazara. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Kuma duk inda aka buɗe wurin jinya ba biya, iyaye mata sun yi ta tururuwa. Sai ta bayyana cewa ba jahilci ne ke hana su zuwa likita ba, kamar yadda wasu ke faɗa. Kuɗi ne.

A cikin wannan yanayi aka kafa dokokin kyauta na 2005 da 2006, aka fara aiki da su sosai a 2007. Tsarin a takarda mai sauƙi ne. Likita ta yi wa yaro magani ba ta karɓi komi ba, sai ta cika takarda. Ƙarshen wata a tara takardun a kai gunduma, gunduma ta kai hukumar lafiya ta jiha a Maraɗi, jiha ta kai ma'aikatar lafiya a Yamai, a tantance, a miƙa ma'aikatar kuɗi, baitulmali ya biya. A matakin CSI an yanke dala 100, sefa 500, a kan kowane yaro.

Amfanin ya fito fili. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu binciken sun danganta haka da abubuwa da yawa, ciki har da kaz, da kyautar magani, da gidan sauro, da yaƙi da tamowa. Waɗannan rayuka ne na gaske, kuma duk abin da za a faɗa bayan wannan ba zai share shi ba.

Inda bashin ya kwanta

Amma takardun da suka tafi Yamai ba su dawo da kuɗi a kan kari ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi diddigin lamarin, kuma littafin da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka fitar a 2014 a kan kyautar magani a Burkina Faso, Mali da Nijar ya tattara abin da aka gano. An ɗauki matakin cikin gaggawa, ba a tanadi kuɗin da zai isa ba, biya yana jinkiri na watanni, wani har shekaru, bashin da likitoci ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. A watan Maris na 2012 sai da aka kira taron ƙasa a Yamai a kan wannan matsala kaɗai.

Ku duba abin da haka ke nufi ga CSI guda a karkara. Mafi yawan masu zuwa yara ne da masu ciki, wato waɗanda aka ɗauke wa biya. Asusun da dokar 1995 ta gina a kan kuɗin marasa lafiya, dokar 2006 ta toshe babbar hanyar shigarsa, abin da aka ce zai maye gurbi kuma bai iso ba. COGES ta cinye ajiyarta, ta ci bashin magani, daga ƙarshe kanta ta sake zama wayam. Uwa ta zo da yaro, dubawa kyauta, magani kuma ga takarda, a je a saya. An koma gidan jiya, sai dai wannan karo sunan abin kyauta, don haka in ma'aikaci ya ce babu magani, zargin farko shi ne ya karkatar.

Wa ake kai wa kuka? Ba minista ba, don ba a ganin shi. Magajin gari ake samu. Mai gadin likita ya yi wata huɗu ba albashi, a je komin. Motar ɗaukar marasa lafiya ba mai, ga mai naƙuda, a je komin. Rufin ɗakin haihuwa ya yaye, firjin allurar rigakafi ya tsaya, a je komin. Wasu gundumomi sun ƙirƙiro dabarar kansu, suna karɓar dala 20 a kan kowane mai zuwa likita don asusun man mota, amma sai aka ce karɓar ko dala a hannun uwar yaro ya saɓa wa dokar kyauta. Doka ta hana a karɓa a ƙasa, kuma ba ta tilasta a biya daga sama ba.

A Madarumfa abin da ya rage zafin shi ne ƙungiyoyin agaji, da suka ɗauki nauyin magani da ƙarin ma'aikata, musamman lokacin da zazzaɓin sauro da tamowa ke haɗuwa tsakanin Yuli da Oktoba. Sai dai wannan inuwa ce ta aro. A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, wata ƙungiyar likitocin Nijar, FORSANI, ta ci gaba da aikin a Madarumfa da tallafinsu. Wannan ya nuna cewa abin da yaro ke samu a likita yana iya canzawa da takarda guda, kuma ba a tambayi kansila ko ɗaya ba.

An miƙa iko, jaka fa?

Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 aka rushe majalisun komin, a watan Satumba na wannan shekara aka fitar da kundin dokokin ƙananan hukumomi, aka sake zaɓe a Janairun 2011. Kundin ya tsayar da ƙa'ida mai kyau: duk ikon da gwamnati ta miƙa wa komin, ta miƙa shi tare da kuɗin yin shi. An kuma kafa hukumar tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, ANFICT, a doka tun 2008, ko da yake sai bayan shekaru ta fara aiki. A watan Janairu na 2016 aka sa hannu a dokar miƙa fannoni 4: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A fannin lafiya, gini da gyara da kula da kaz da CSI suka koma hannun komin.

Ma'aikatan gwamnati dai ma'aikatar lafiya ce ke tura su, kuɗin magani Yamai ce ke yanke shi, bashin kyauta baitulmali ne ke riƙe da shi. Komin ta samu bango da rufi. Kuɗin da aka ce zai biyo ikon yana zuwa kaɗan, kuma a makare. Shi ya sa in ka ga sabon ɗakin haihuwa a ƙauye, galibi za ka ga allon wata ƙungiya ko wani shiri na waje a jikinsa, komin ta sa ɗan kasonta, jama'a sun kawo yashi da ruwa.

Kwalarar 2018 ta gwada wannan tsari. A watan Yuli ta ɓulla a likitar N'Yelwa, waɗanda aka fara kwantarwa daga wajen Jibiya suka taho. Kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,000 a ƙasar, mafi yawansu a gundumar Madarumfa. Kwalara ciwon ruwa da bayan gida ne, wato rijiya, masai, tsabtar kasuwa, duka abubuwan da doka ta ce na komin ne. Kuma likitar bakin iyaka ba ta tambayar takardar ɗan ƙasa kafin ta ɗaura wa mutum ruwa. Daga 2019 ƴan gudun hijira suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, a watan Agusta na wannan shekara kuma Nijeriya ta rufe iyakarta, kasuwanni suka yi sanyi. Masu buƙata suka ƙaru a daidai sanda kuɗin kasuwa ya ragu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa kantomomi. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a likitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumba, ta kuma mayar da haihuwa kyauta. Talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya. Amma rabin da aka ɗauke, shi ma daga asusun COGES aka ɗauke shi, kuma tambayar 2006 tana nan ba ta tsufa ba.

Kammalawa

In aka jera dokokin nan, 1995, 2002, 2006, 2016, 2024, za a ga kowace ta gyara wani abu na gaske. Ta 1995 ta dawo da magani, ta 2006 ta dawo da marasa hali, ta 2016 ta ba na kusa damar sa baki. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne mai yanke hukunci yana sama, mai ɗaukar nauyi yana ƙasa, kuma ba wadda ta tanadi abin da zai faru in na sama bai biya ba. Manjo ba zai kai baitulmali ƙara ba, magajin gari ma haka.

Ba komawa ga karɓar kuɗi a hannun uwar yaro ne mafita ba, an gwada, an ga kaburbura. Abin da tarihin ke nunawa shi ne dokar kyauta tana buƙatar rabinta na biyu: wa zai biya, nawa, cikin kwana nawa, kuma ta wace hanya kuɗin zai iso CSI ba tare da ya kwana a ofis biyar ba. Gwajin Boboye ma ya cancanci a sake duba shi, tun da ya nuna mutanen karkara suna iya haɗa kuɗi bayan kaka don ciwon da zai zo da damina, in dai sun ga kuɗin ya tsaya kusa da su. Ƴan uwa ɗalibai da ke komawa gida hutu, akwai aikin da ba ya buƙatar izinin kowa: a tambayi ɗan COGES na garinku yaushe rabon da a biya su kuɗin takardun kyauta, a tambayi sakataren komin nawa aka sa wa lafiya a kasafin bana, nawa kuma aka kashe. A rubuta amsar da kwanan wata, a kawo ta mu buga a fitowa ta gaba.